Ranar da Injin Huda Ya Cire Mini Kallabi a Gaban Suruki

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa kiran jikokina da sunan awakina, ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba ta tsakiyar bazara a atilyenmu, wato shagon aikinmu na kafinta, nan cikin garin Tawa. Na so in manta, na kuma gwada. Sai dai shaidar abin tana nan a bango har yau, an kafe ta da ƙusa huɗu, kuma ni aka ɗora wa aikin nuna ta ga duk macen da ta zo sabuwa. To, tunda kullum ina faɗa da baki, bari yau in rubuta, ko na samu sauƙi.

Sai na fara gaya muku daga wane tsayi na faɗo. Ni ban shiga aji ba sai da na haura arba'in, bayan rasuwar maigidana. Ajin yaƙi da jahilci ne na bayan la'asar, muna zaune kan tabarma, wasu da goyon jika, malamar ma sa'ar ƴata ce. Ranar da baƙaƙe suka fara haɗuwa suna yi mini magana, wani abu ya shige ni wanda har yau bai fita ba. Na karanta buhun shinkafa, na karanta kwalin magani, na karanta bayan manyan motoci masu wucewa Agadas. (Na taɓa tsayar da wani bawan Allah a tsakiyar kasuwa don in ƙarasa karanta abin da ke gaban rigarsa. Ya tsaya kuwa. Ba a cika yi mini gardama ba.) Duk abin da aka rubuta, a wurina doka ne. Ku riƙe wannan, zai yi amfani can gaba.

Da aka buɗe wurin koyon sana'a a unguwarmu, aka ce mata su yi layi wajen ɗinki da haɗa sabulu. Na ce ni na gaji da sabulu. Duk wanda ya tashi taimakon mace a ƙasar nan sabulu yake koya mata, sai ka ce mu kaɗai muke da dauɗa. Na wuce kai tsaye ɓangaren kafinta, mata shida suka biyo bayana. Cikinsu akwai ƙawata Gaishatu, mutuniyar Takanamat, siririya, wadda Hausarta ke fita da ƙamshin Tamashek. Ba ta yin magana goma a wuni, amma hannunta ya fi na kowa sauri, don da aikin fata ta tashi.

Mai koyar da mu shi ne Metir Illa, dattijo mai furfura a gira, wanda ya yi shekaru yana kafinta a Abijan kafin ya dawo gida. Ya karɓe mu da mutunci, ya miƙa wa kowace takardar goge katako. Muka goge. Muka sake gogewa. Wata uku muna guga da hannu har zanen yatsunmu ya share, maza kuwa suna can ciki, injin zarto yana kuka, injin huda yana juyi, su suna ƙera tebur mu muna yi musu santsi. Ni kuwa zama wuri ɗaya ba halina ba ne. Wata safiya na jefar da takardar, na same shi.

Na ce, "Metir, guga munka zo koyo ko kafinta?"

Bai yi fushi ba. Ya ɗaga hannunsa na hagu, wanda yatsu uku kaɗai suka rage masa, ya juya mini shi gaba da baya. Ya ce, "Kin ga wanga? Sauran biyu can Abijan na baro su. Inji ba ya jin ban haƙuri. Ku kuma ga mayahi, ga hijabi, ga awarwaro. Ban son in kai ɗiyar mutane likita."

Na ce, "To, Metir, ranar da ka baro yatsun, mayahi gare ka ko hula?"

Mazan da ke bayansa suka ƙunshe dariya. Daga ƙarshe Metir ya ce ya yarda mata su taɓa inji, amma da sharaɗi ɗaya, kuma ya faɗe shi a gaban kowa: ranar da aka samu haɗari guda ta dalilin sakacin mace, dukanmu bakwai za mu koma guga da hannu, ba sauran magana. Na buga ƙirji na ce in an samu, daga wurin wata ne, ba ni ba. (Allah Yana ji, mala'iku suna rubutawa, ni kuma ina ta buga ƙirji.)

Tun da ni ce na fi kowa ɗokin rubutu, ni na nemi shuɗin fenti na rubuta dokokin a bango da Hausa, manya-manya, yadda Metir ya faɗe su. A sa tabarau kafin a kunna inji. A matse katako da ƙarfen matsi, kada a riƙe da hannu. Kada a share dusar katako da yatsa inji yana juyi. Kada a canja ƙarfen huda sai an zare waya daga bango. Sauran biyun, ta biyar da ta shida, na ja musu layi a ƙasa don muhimmancinsu. Ta biyar: ba mayafi, ba hijabi, ba awarwaro, ba wani abu mai reto kusa da inji. Ta shida: in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, a kashe makunni, a zare waya, tun kafin a ɗaga ƙafa. Wanda ya zauna Tawa da bazara ya san dalilin ta shida, don wuta tana tafiya ba sallama, ta dawo ba sallama.

Muka yi wa kanmu shiga ta aiki. Riga mai matsattsen hannu, kallabi a ɗaure tam ta baya, an cusa bakinsa ciki. Mayafai kuwa kowace ta rataye nata a ƙusa bakin ƙofa, in za ta fita ta ɗauka. Mazajen wasunmu suka yi gunaguni, na bi su gida-gida na yi musu bayani, wani da lallashi, wani da irin tawa muryar.

Daga nan na zama abin da na zama. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina. Na ƙwace awarwaron wata na ajiye a aljihuna har aka tashi. Na doke hannun wata da ta kai yatsa za ta share dusa. Na kori wata gida don ta zo da hijabi har ƙasa tana cewa sanyi take ji, a watan da kaji ke buɗe baki. Har maza ban bari ba: akwai wani magidanci da ya manta makullin ɗaure ƙarfen huda a jikin injin, na tara masa jama'a, na sa shi ya karanta bango da ƙarfi. Suka sa mini suna Jandarma, wato ɗan sanda. Suna zaton zan ji haushi, ni kuwa har amsawa nake yi.

Ana nan, Metir ya ce ranar Laraba wasu dattawa za su zo daga garin Barmu su ga ko da gaske ne mata na aiki da inji, don suna tunanin turo nasu. Ya ce ni zan tsaya kan injin huda in nuna musu. Tun daga ranar Litinin na kasa zama. Na share atilye sau biyu, na sake bin dokokin da fenti, na goge tabarau ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata na je kitso, don ko ba mai gani, mace tana son ta san kanta a gyare yake. Makitsiya ta tsefe mini kai, ta kitse ɓangaren dama, sai na tuna ban duba ko ƙarafan huda suna da kaifi ba. Na miƙe. Ta ce, "Inna, saura rabi hwa." Na ce, "Wa zai gani? Gobe in dawo." Na ɗaura kallabi a kan rabin kitso na fita. Ku riƙe wannan ma.

Larabar ta zo da zafi tun da hantsi, rufin kwano yana ƙara kamar ana taka shi. An ce baƙi za su iso da safe, rana ta ɗaga ba su zo ba. Na leƙa ƙofa, na dawo. Na gyara tsayuwar kujeru, na mayar da su yadda suke. Gaishatu ta ce, "Yaya, zamna, kina sa mini jiri." Don in rage wa kaina jira sai na kama aiki: ƙafafun benci ne nake hudawa. Na sa tabarau, na matse katako, na kunna. Na huda uku lafiya lau. Ina tsakiyar na huɗu, ƙarfen ya shige rabi, kuran ya ɗauke. Injin ya yi wani gunji ya mutu, fankar sama ta yi juyi biyu ta tsaya.

A daidai wannan lokacin aka ji tsayuwar mota a waje.

Yanzu, doka ta shida tana sama da kaina, da rubutun hannuna, da layi a ƙasa. Taku ɗaya ne tsakanina da makunni, taku biyu tsakanina da wayar. Ban yi ko ɗaya ba. Na ɗaga ƙarfen daga cikin katakon, na ruga bakin ƙofa don in ga baƙi. Dattawa huɗu suka sauko, da manyan riguna da rawuna. Na biyar, wanda ya tuƙo su, ya zagayo daga bayan mota yana kakkaɓe hula. Na dube shi da kyau. Mijin Auta ne.

Auta ita ce ƴata ta ƙarshe, tana aure a Barmu. Mijinta kuwa ba zan rubuta sunansa ba ko a nan, don bakina bai taɓa faɗinsa ba, biro ma ba zai fara ba. Ni da nake tsayar da mai babur in yi masa faɗa a tsakiyar titi, shekara shida ban taɓa haɗa ido da yaron nan ba. Ban taɓa shan ruwa a gabansa ba. In ya zo gaisuwa yana tsugune daga bakin ƙofa, ni ina can ƙuryar ɗaki, muna gaisawa ta bayan labule kamar masu cinikin abin sata. Haka na tarar uwata tana yi da nata surukan, haka nake yi. Ba wanda ya gaya mini yana cikin masu zuwa. Ga ni kuma tsaye da riga matsattsiya, wuya a waje, kunnuwa a waje, da tabarau kamar ƙwaro.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Hannuna ya kai ƙusa ya fizgo mayafina, wani babba ruwan goro mai geza a baki, wanda nake zuwa biki da shi. Na lulluɓe kai da kafaɗu, na ja shi har goshi, na koma wurin injina na tsaya kamar amarya.

Gaishatu ta matso ta yi ƙasa da murya. "Yaya, mayahi."

Na ce, "Na sani."

"Doka ta biyar."

"Ni na rubuta ta, ba sai kin karanta mini ba. Ba ki ga wa ya zo ba? Kuma ai babu wuta."

Ta dube ni, ta dubi injin. Sai ta bar wurinta ta koma ta jingina da bango, kusa da inda wayoyi suke shiga. A lokacin na ɗauka fushi ta yi.

Metir ya zagaya da baƙi, yana ba su haƙurin rashin kuran. Da suka iso wurina ya ga mayafin, girarsa ta haɗe. Ya yi mini alama da hannun nan mai yatsu uku, na yi kamar ban gani ba. Bai so ya tsinka ni gaban baƙi, ga shi kuma shi ma ya san babu wuta, bai san makunni a kunne na bar shi ba. Ya ce, "Wagga ita ta babbarsu. Tunda babu wuta, ta yi muku bayani da baki."

Suka kewaye ni. Mijin Auta ya tsaya daga baya, ya rusuna, ya ce, "Inna, ina wuni," yana kallon takalminsa. Na amsa ina kallon nawa. Daga nan na fara bayani, kuma wallahi bayanin ya yi kyau. Na nuna ƙarfen matsi, na nuna tabarau, na faɗi abin da ya sa ba a sa safar hannu kan injin huda, don in ya kama zare ɗaya sai ya tafi da yatsa. Dattawa suna gyaɗa kai. Wani tsoho mai jan gemu ya ce, "Ikon Allah, kai ka ce a Abijan ta yi karatu." Kaina ya ƙara girma. Matsalar ita ce duk lokacin da na ɗaga fuska sai in hango hular mijin Auta, sai in ƙara sunkuyawa. Ina magana ina sunkuyawa, ina sunkuyawa ina matsawa jikin inji don ya kare ni, har goshina ya kusa taɓa shi, gezar mayafina kuwa ta kwanta kan ƙarfen huda kamar an shimfiɗa mata tabarma.

Ina cikin cewa, "Doka ta shida kuwa, in kuran ya ɗauke, abu na farko da mutum zai yi," sai na ji fankar sama ta motsa.

Abin da ya biyo baya bai kai a ce bisimilla a ƙare ba. Injin ya farka da ƙarfinsa duka. Ya cafki gezar, ya naɗe, ya fizgi kaina ƙasa, goshina ya bugi ƙarfe har na ga taurari da rana tsaka. Na ji mayafin yana zagaye wuyana yana gudu kamar igiyar guga ta kuɓuce a rijiya. Ya kamo bakin kallabi, ya tumɓuke shi daga kaina tare da ƴan gashin ƙeya, ya haɗa ya dunƙule. Sai kuma shiru. Gaishatu na tsaye da waya a hannu, ta fizge ta daga bango.

Na ɗago. Ina da rai, wuyana yana nan, idanuna biyu suna nan. Abin da babu shi ne komai a kaina. Ɓangaren dama kitso ne shar, layi-layi. Ɓangaren hagu kuwa furfura ce tsaye cirko-cirko kamar audugar da akuya ta fara ci ta bari, da dusar katako a ciki, ga ƙulu yana tasowa a goshi, ga tabarau ya karkace ya rataye a kunne ɗaya. A haka dattawan Barmu huɗu suka gan ni. A haka surukina ya gan ni, ni da ko kunnena bai taɓa gani ba.

Tsohon mai jan gemu ya ce, "Inna lillahi," a hankali. Ban sani ba ko don haɗarin ya faɗa ko don kan nawa. Mijin Auta kuwa, Allah Ya yi masa albarka, ya juya da sauri ya fuskanci bango, hancinsa kusan yana taɓa fenti, ya kama karanta dokokina da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda za a yi wa jarrabawa. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Na lalubi abin da ya fi kusa na ɗora a kai. Sai daga baya na gane tsumman da muke goge fenti ne.

Metir ya zo ya duba wuyana da goshina, ya tambaye ni ko ina ganin daidai, na ce ina gani, har fiye da yadda nake so. Ya je ya taɓa makunni, ya same shi a kunne, ya kashe. Ƙarar wannan ɗan makunnin ta fi mini bugun goshi ciwo. Ya warware mayafin daga ƙarfen, ya fito a yayyage kamar kare ya yi wasa da shi, ya ɗaga shi sama. Ya ce, ba da ƙarfi ba, "Da a ce wanga hijabi na, mai ɗinkakken wuya, da yanzu ba magana muke ba." Sannan ya dubi sauran matan. Su shida suna tsaye a jere, ba mai dariya ko ɗaya. Na ga fuskar wadda na ƙwace wa awarwaro, na ga ta wadda na kora gida. Kowace ta tuna sharaɗin. Wata uku na guga, da rigimar da aka sha da mazajensu, duk na tattara na saka a bakin inji saboda hular mutum ɗaya.

A nan ne kunyar ta sake ni. Ina jin ta riga ta kai iyakarta, babu sauran inda za ta je. Da tsumman fenti a kaina na tsaya gaban Metir, gaban dattawa, gaban bayan surukina, na ce, "Metir, kahin ka yanke, ka ji ni. Doka biyu na taka, da sanina, kuma ni na rubuta su. Gaishatu ta gaya mini, na ƙi ji. Kai ma ka yi mini alama, na kau da kai. In kora ta, ni za a kora. Amma ka duba wa ya zare waya. Maza nawa ke tsaye nan? Mace ta yi sakaci, mace ta tsai da inji. Kada ka haɗa su da ni."

Ya ce, "Sharaɗi sharaɗi na. Ke kinka buga ƙirji."

Na ce, "Na buga. Ga shi goshi ya biya."

Wani daga cikin dattawan ya yi tari don ya ɓoye dariya. Metir bai yi ba. Ya naɗe mayafin ya sa a hammata, ya ce kowa ya tafi gida, gobe a ji. Ya raka baƙi mota. Mijin Auta ya fita a kaikaice, fuskarsa na bin bango har ƙofa, kamar kaguwa.

Yinin nan ban zauna ba. Na koma wurin makitsiya, ta ga ƙulun goshi ta buɗe baki, na ce ta rufe ta yi aikinta. Na je gidan Gaishatu in yi godiya, na tarar tana ɗinkin wata jakar fata. Na ce, "Don mi kinka koma jikin bango?" Ta ce, "Na ga ba ki zare ba." Na ce, "To don mi ba ki zare ba tun lokacin?" Ta ɗago ta dube ni. "Gaban baƙi? In zare wayar Jandarma? Da kin cinye ni ɗanya." Wannan maganar ta zauna mini a ƙirji fiye da duk abin da ya faru. Ashe na yi tsawa har na kai inda ba mai iya gyara mini kuskure sai inji. Daga gidanta na bi gidajen sauran biyar ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri, abin da ban saba ba, har bakina yana karkacewa. Wadda na kora saboda hijabi ta ba ni ruwa, ta ce, "Sha, Jandarma, ai kin ji sanyi yau."

Da safe muka tarar Metir a kan benci da guduma. Ya kafe mayafina a bango, daidai ƙarƙashin doka ta biyar da ta shida, ƙusa huɗu, gezar da ta rage tana reto. Ya sauko ya ce ya kwana yana tunani. Ya ce shi ma ya ga mayafin ya yi shiru don kunyar baƙi, saboda haka rabin laifin nasa ne, kuma ba zai hukunta mutum shida da laifin da yake da kaso a ciki ba. Mata za su ci gaba da aiki da inji. Duba makunni da waya in kuran ya ɗauke ya koma hannun Gaishatu, kuma daga yau kowa yana da ikon zare wayar kowa, har tasa, ba tare da neman izini ba. Sannan ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini takardar goge katako.

Ya ce, "Wata guda. Kuma duk wadda ta zo sabuwa, ke za ki kai ta gaban mayahin ga, ki ba ta labari. Duka. Har da kitso."

Na karɓa da hannu biyu. Ban taɓa jin daɗin ganin takardar guga ba sai ranar.

Bayan kwana uku Auta ta kira ni a waya, tana dariya har numfashinta yana sarƙewa. Na ce, "Shi ya gaya miki?" Ta ce, "A'a, Inna, duk Barmu ta sani, amma ba daga bakinshi ba. Na tambaye shi, ya ce shi bai ga komi ba, doka yake karatu. Ya hardace su duka shida." Ta ce kuma dattawan sun yanke za su turo mata huɗu bayan girbi. Tsohon mai jan gemu ya ce wurin da ake da mai saurin hannu irin na siririyar nan, da tsohuwa mai faɗin laifinta da tsumma a kai, ba zai ji tsoron kai ɗiyarsa ba. A ƙarshen mako direban motar kasuwa ya kawo mini ƙunshi ba tare da saƙo ba. Hula ce ta yadi mai kauri, tela ya ɗinka ta yadda za ta rufe kai da kunne da wuya, ta matse tam, ba geza, ba reto. Ban tambayi wanda ya aiko ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Yanzu dukanmu irinta muke sawa.

Har yau in mijin Auta ya zo gaisuwa, yana bakin ƙofa, ina ƙuryar ɗaki, labule yana tsakani. Ban daina jin kunyarsa ba, kuma ba ni da niyyar dainawa. Abin da na koya kawai shi ne inda ake ajiye ta. Kunya da mayafi ƙusa ɗaya suke rataya, a bakin ƙofar atilye, in an tashi a ɗauka. Na yi shekara shida ina ɓoye wa yaron nan kunnena, injin huda ya nuna masa kaina gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, don shi ba wanda ya taɓa gaya masa mene ne suruki. Yanzu in kuran ya ɗauke, ko Sarkin Adar ne ya yi sallama, sai na kashe makunni na zare waya kafin in amsa. Kitso kuma, komai saurina, sai an kai ƙarshe nake tashi.